Nana Asma'u Da 'Yan Taru: Zumuncin Da Ya Gina Ƙungiya

A duk lokacin da aka tashi maganar ƙungiyoyin mata a Arewacin ƙasar nan, akasarin 'yan bokonmu kan fara lissafi ne daga Jam'iyyar Matan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1963, ko kuma FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, sai ka ce kafin zuwan Turawa iyayenmu mata ba su san haɗa kai domin yi wa al'umma hidima ba. Alhali kuwa fiye da shekara ɗari kafin waɗannan, wata baiwar Allah a Sakkwato ta kafa ƙungiyar mata mai shugabanni da rassa da tsarin karatu da na taimakon gajiyayyu, wadda ta ci gaba da aiki bayan rasuwarta. Wannan baiwar Allah ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙungiyar kuwa ita ce 'Yan Taru.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a wajajen 1793. 'Yar tagwaye ce, ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, a gidan da ba a bambanta ɗa namiji da 'ya mace wajen neman ilimi. Ba ta fi shekara goma sha ɗaya ba lokacin da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta kuma ga yunwa da annoba da yaƙe-yaƙen da jama'ar Shehu suka sha har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma bar ayyuka kimanin sittin, akasarinsu waƙoƙi.

Matsalar da ta sa ta kafa 'Yan Taru babba ce. Yaƙe-yaƙen jihadi, musamman na Gawakuke a 1836, sun bar ɗimbin mata gwagware da marayu da waɗanda aka kamo, an zaunar da su a ƙauyuka da garuruwan ribaɗi irin su Wurno. Da yawansu ba su san farillan alwala ba, kuma idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, wurin 'yan bori suke nufa. Malamai maza ba sa iya shiga gidajen mutane su karantar da su. Nana Asma'u kuma ita kaɗai ce, ba ta iya kewaye ƙasa. Sai ta zaɓo dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowace ta zama jagorar matan yankinta.

Ga mai nazarin harshe, sunayen da ta zaɓa kaɗai sun isa darasi. Ta kira jagorar da sunan jaji, kalmar da fatake suke amfani da ita ga mai jan ayari, wanda ya san hanya da mashaya da masauki. Ta kira sauran 'yan taru, wato masu taruwa, sunan da bai ɗora kowa a kan kowa ba. Sannan a wajen naɗi takan ɗora wa jaji malfa ta naɗa mata jan rawani. Malfar nan kuwa alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori a tsohuwar daular da aka rusa. Maimakon ta jefar da alamar da mata suka saba girmamawa, sai ta ɗauke ta ta mayar da ita kan malama. Haka kuma ta raba aiki tsakanin harsuna: Larabci ga malamai, Fulatanci ga 'yan gida, Hausa ga jama'a. Ta tsara karatun a waƙe domin macen da ba ta iya karanta ajami ba ta haddace, ta rera tana daka ko kaɗi. Da haka sunayen surorin Alƙur'ani da hukuncin tsarki da tarihin Manzon Allah (SAW) suka shiga gidajen da malami bai taɓa takawa ba. Ƙanenta Isa ya taimaka ƙwarai wajen mayar da wasu waƙoƙin nata zuwa Hausa.

Tsarin tafiyar ma akwai hikima a cikinsa. 'Yan mata ƙanana da dattawan da suka gama haihuwa su ne ke bin jaji zuwa Sakkwato, matan aure masu ƙuruciya kuma su zauna gida a kawo masu karatun. Ayarin kan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da sawaye, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Idan sun koma, aikinsu bai tsaya ga karantarwa ba. Sukan duba marasa lafiya, su karɓi haihuwa, su wanke gawar mace, su share masallaci, su sasanta masu husuma.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne yadda ta riƙi ƙawayenta. Babbar aminiyarta ita ce A'ishatu 'yar Umaru Alkammu, matar Sarkin Musulmi Bello, wadda suka tashi tare tun ƙuruciya, suka sha wuyar hijira tare. Da A'ishatu ta rasu a 1855, Nana Asma'u ta yi mata marsiyya har biyu, ɗaya da Fulatanci ɗaya da Larabci, masu nuna zafin rabuwa ƙarara. To, amma ba 'ya'yan manya kaɗai ta yi wa wannan karamci ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya saboda kirkinta da sada zumunci, ta yi wa Zaharatu saboda hidimarta ga masu naƙuda da mamata, ta kuma yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajojinta. Wato alƙalamin da ya yi makokin Sarkin Musulmi Bello bayan rasuwarsa a 1837, shi ne ya yi makokin ungozoma. Duk macen da ta san shugabarta na ganin aikinta haka, ba ta bukatar a biya ta kafin ta taka sayyada daga ƙauye zuwa birni.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙungiyar ba ta bi ta kabari ba, domin ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar, bayanta kuma Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, amma jajoji suka ci gaba da jan ayari. Lokacin da Baturiyar nan Jean Boyd ta yi bincikenta da taimakon Waziri Junaidu, har ta fitar da littafinta kan Nana Asma'u a 1989, ta tarar da ragowar 'Yan Taru suna nan da ransu.

Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da muka gani da idonmu. An kafa shirin Better Life a 1987, aka kafa na tallafa wa iyali a 1994, duka da kuɗin gwamnati da motoci da ofisoshi, amma kowanne ya watse da saukar gwamnatin da ta haife shi. Ƙananan ƙungiyoyinmu na unguwa da na ma'aikata kuwa, rikicin kujera da na asusu ne ke cinye da yawansu, har ƙawaye su daina gaisawa. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. 'Yan Taru sun daɗe ne saboda shugabarsu ta san mabiyanta ɗaya bayan ɗaya, ta ba su iko na gaske a yankunansu, abin da ya shigo hannunta ya wuce zuwa ga talaka, ta kuma tarbiyyantar da magada tun tana raye.

A nan Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke horar da masana sha'anin mulki da shari'a, ɗalibai kan haddace sunayen masanan Turai da Amurka kan tsarin gudanarwa. Ya kamata a ce tsarin jaji da 'yan taru na cikin manhajarsu, domin an gwada shi a ƙasarmu, da harshenmu, ya kuma yi aiki. Haka nan shugabannin ƙungiyoyin mata, kafin su nemi tallafi daga waje, su fara tambayar kansu ko sun san halin da 'yar ƙungiyarsu ta ƙauye take ciki, da kuma wadda za ta riƙe amanar idan ba su.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da jajojinta, Ya kai haske kabarinsu, Ya ba matanmu ikon koyi da su, amin.