John Newton: Kyaftin Ɗin Jirgin Bayi Da Lamirinsa Ya Farka

An haifi John Newton a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekara ta 1725. Mahaifiyarsa mace ce mai tsoron Allah, ita ce ta fara koya masa Littafi Mai Tsarki, amma ta rasu kafin ya cika shekara bakwai. Yana ɗan shekara 11 ya bi mahaifinsa aikin jirgin ruwa, can kuwa ya watsar da tarbiyyar da ya samu, ya zama mai saɓo da yi wa masu bi ba'a.

A 1744 aka tilasta masa shiga sojan ruwa. Da ya gudu aka kamo shi, aka yi masa bulala. Daga baya ya faɗa hannun wani Bature mai cinikin bayi a wani tsibiri kusa da gaɓar Saliyo, inda ya sha yunwa da ciwo da wulaƙanci. A watan Maris na 1748, yana hanyar komawa gida, guguwa ta far wa jirginsu har ya kusa nutsewa. A cikin wannan firgita Newton ya roƙi jinƙan Allah. Suka tsira, shi kuwa bai daina tunawa da ranar ba har ya bar duniya.

Sau da yawa a nan masu ba da labarinsa sukan tsaya, amma abin da ya biyo baya ya fi kamata mu duba. Newton ya bar saɓo, ya koma karatun Littafi da addu'a, duk da haka bai bar cinikin bayi ba. Tsakanin 1750 da 1754 ya yi tafiya uku yana kyaftin ɗin jirgin bayi, yana kwashe 'yan Afirka zuwa ƙetaren teku. Ranar Lahadi yakan bi da ma'aikatansa cikin sujada a saman jirgi, alhali a ƙarƙashinsu mutane na ɗaure da sarƙa. Shi da kansa ya shaida cewa a lokacin zuciyarsa ba ta taɓa tuhumarsa a kan sana'ar ba, gama doka ta halatta ta, jama'a kuma suna ganin mutuncinta. Rashin lafiya ne ma ya raba shi da teku a 1754.

A 1764 aka naɗa shi limamin Ikkilisiyar Angilikan a garin Olney, inda ya rubuta waƙoƙin sujada da yawa, har da Amazing Grace. A 1780 ya koma wata majami'a a Landan. Cikin waɗannan shekaru Maganar Allah ta yi ta haskaka lamirinsa sannu a hankali, har ya gane girman abin da ya aikata. A 1785 ya shawarci William Wilberforce kada ya bar majalisar dokoki, ya tsaya ya bauta wa Allah a can. A 1788, wato shekara 34 bayan barinsa sana'ar, ya wallafa ɗan littafi yana furta laifinsa a fili, yana bayyana azabar da ake yi wa bayi, ya kuma yarda cewa furcin ya zo a makare. Ya ba da shaida a gaban hukuma don a hana cinikin. A watan Maris na 1807 Ingila ta haramta shi, Newton kuwa ya rasu a watan Disamba na shekarar, yana da shekara 82.

'Yan'uwa, shirun lamiri ba shaidar tsarki ba ne. Mutum na iya tuba daga maye da zagi, amma bai taɓa kawo hanyar cin abincinsa gaban Ubangiji ba. Mai awo a Kuchigoro da ya rage mudu, ma'aikaci a Abuja da ke karɓar na goro, uwar gida da ke danne haƙƙin 'yar aikinta, duk suna iya zama a sahun gaba ranar Lahadi da zuciya a kwance, domin kowa haka yake yi.

Newton bai ɓoye laifinsa ba, bai kuma bar shi ya jefa shi cikin fid da zuciya ba. Ya dogara ga gafarar Almasihu, ya furta, sa'an nan ya yi abin da zai iya don gyara ɓarnar, kamar yadda Zakka ya yi cikin Luka sura 19. Bari kowane iyali ya roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna masa zunubin da sabo ya rufe. Shekara 34 ta yi yawa ga waɗanda suke jiran adalci daga hannunmu.