Nana Asma'u da Jajojinta

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Da ta ga aure da raino sun hana matan ƙauye zuwa karatu, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa. Su ke koyon waƙoƙinta na ilimi, su kai wa mata har garuruwansu. Daga nan aka samu 'Yan Taru.

Ni dai abin da ya fi burge ni, jaji ba ta zama jiran a zo. To, wadda za mu zaɓa wakiliyar mata bana, za ta taka har ɗakunan kwana ta ji kukan ɗalibai kuwa?