Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

Ya ku ɗalibai, kun san Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo? An haife ta a 1793. Ta wallafa waƙoƙi da Larabci, Fulatanci da Hausa, kuma ta kafa 'Yan Taru: 'yan mata da tsofaffi sukan taso daga ƙauyuka su ɗauki karatu wurinta, jaji na gaba sanye da malfa. In sun koma gida, sai su karantar da mata, su duba marasa lafiya, su share masallaci, duk don Allah. Ta rasu a 1864, an binne ta a Hubbare, Sakkwato. To, ku fa? Tsohuwar nan maƙwabciyarku, wa ke ɗebo mata ruwa? Allah Ya jiƙan Nana, amin.