Horatio Spafford, Lauyan da Ya Yi Waƙa Bayan Teku Ta Cinye 'Ya'yansa

An haifi Horatio Spafford a shekara ta 1828 a jihar New York ta ƙasar Amurka. Da ya girma ya zama lauya a birnin Shikago, ya auri wata mace mai suna Anna, mutuniyar ƙasar Norwe, a 1861. Dattijo ne a ikilisiya, abokin mai wa'azin nan D. L. Moody kuma. Yana da dukiya, ya sa da yawa cikinta a filaye da gidaje, amma a 1871 babbar gobara ta ci birnin, ya yi hasara ƙwarai.

A watan Nuwamba na 1873 ya shirya su tafi Turai da iyalinsa. Wani sha'ani ya tsare shi, sai ya sa matarsa da 'ya'yansu mata huɗu a jirgin ruwan Faransa mai suna Ville du Havre, shi zai biyo baya. Ran 22 ga watan, da dare, wani jirgi ya buge nasu a tsakiyar teku. Cikin kamar minti 12 ya nutse, mutum 226 suka hallaka. Yaran nan huɗu duka suna ciki, babbarsu tana da shekara 11, ƙaramar kuwa 2. Cikin iyalin, Anna kaɗai aka tsamo. Da aka kai ta gaɓa a Kadif ta aika wa mijinta da talgiram.

Bayan wannan ne ya rubuta waƙar da Turawa su ke kira It Is Well With My Soul. 'Yan'uwa, ku lura da abu guda. Mai tsammanin zai ji labarin jirgi ko sunayen yara a cikinta ba zai ji ba. Baƙin ciki yana nan, amma abin da ya fi cika bakinsa shi ne zunubinsa da Yesu ya ɗauke a kan gicciye, da ranar komowar Ubangiji. A nan ya kafa dogararsa. Philip Bliss ne ya sa mata murya, aka buga ta a 1876. A ƙarshen wannan shekara Bliss da matarsa suka mutu cikin haɗarin jirgin ƙasa a Ashtabula.

Wahala ba ta ƙare da waƙar ba. Allah ya sake ba su 'ya'ya, amma ɗansu namiji ya mutu yana ƙarami a 1880. Spafford ya rabu da ikilisiyarsa, ya kuma riƙe waɗansu koyarwa da masu bi da yawa ba su yarda da su ba, mu ma ba za mu ɓoye wannan ba. A 1881 ya ƙaura zuwa Urushalima tare da iyalinsa da 'yan abokai kaɗan, suna ciyad da matalauta, suna jinyar marasa lafiya, Yahudawa da Musulmi da Kirista, ba su zaɓe. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a 1888, aka binne shi a kan Dutsen Sihiyona.