Muhammadu al-Katsinawi, Gwanin Lissafi

Ɗalibanmu da yawa suna gudun lissafi, wasu kuma sun ɗauka ilmin kwamfuta gadon Turawa ne. To, bari mu leƙa maƙwabciyarmu Katsina.

A can ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya tashi ya yi karatu. Ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, wato gidajen lambobi waɗanda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya. Misali, in an jera 1 zuwa 9 daidai a gida tara, ta ko'ina 15 za a samu.

Ya shimfiɗa ƙa'idar cike gidajen daki-daki, yadda duk wanda ya bi ta zai sami amsa. Haka kwamfuta take aiki, umarnin da aka jera mata take bi ɗaya bayan ɗaya.

Ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka, ɗalibin Gusau, Tsafe ko Bungudu da ya iya jera matakan lissafinsa a takarda ya riga ya kama hanya.