Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Editan Da Ya Tari Farfagandar Hitila

Yawancin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun sun san marigayi Alhaji Abubakar Imam ta wajen littafinsa Magana Jari Ce, wanda suka karanta a firamare kafin neman abinci ya kawo su Kudu. Amma ba kowa ya san aikin da ya yi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ba.

An haife shi a Kagara cikin 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malamin Midil a can. Littafinsa Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar 1933 da shi, shi ya haɗa shi da Dokta R. M. East na ofishin talifi a Zariya.

A wannan zamani kuwa Turai ta cika da hotuna da tutoci. A Jamus, Hitila ya hau mulki cikin 1933, ya kafa ma'aikata sukutum ta farfaganda, ya damƙa ta a hannun Gobels. Ko'ina aka duba sai jar tuta mai gicciye lanƙwasasshe, da hotunan samari majiya ƙarfi cikin kaki, da lambobi a ƙirji. Har takardun bango aka riƙa bugawa na neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙin farko, watau irin su Kamaru da Togo, nan maƙwabtanmu. Musolini na Italiya shi ma bai zauna ba. Ya afka wa Habasha cikin 1935, sa'an nan cikin Maris 1937 aka ɗauke shi hoto a Turabulus bisa doki, ya ɗaga wani takobi wai shi takobin Musulunci. Abin takaici, gwamnatinsa ce ta rataye Shehu Umar Mukhtar cikin 1931.

To, guguwar ta iso Arewa ta hanyar jita-jita. Magana ta bazu a kasuwa da zaure cewa Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Hitila don a zauna lafiya. Kashe wannan raɗe-raɗi yana cikin dalilan da suka sa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, aka ɗauko Malam Abubakar daga aji aka ba shi edita.

Makaminsa Hausa ce tsantsa. Yakan warware labarin yaƙi da karin magana da misalai irin na gida, yadda mai karatu ɗaya zai karanta wa jama'a a dandali kowa ya fahimta. Jaridar ta bi sojojinmu har Bama, su kuma suna aiko da wasiƙu ana bugawa. Ba shakka ita ma Gaskiya muryar gwamnatin Ingilishi ce, kuma ta taimaka wajen jawo samari shiga soja. Sai dai editan ya buɗe wa talakawa ƙofa, filin wasiƙu ya zama wurin kai kuka a kan zaluncin wasu ma'aikatan En'e. Wannan kuwa a Jamus ta Hitila ko a mafarki ba a yinsa.

Cikin 1943, yaƙi na tsakiyar ci, ya tafi Ingila ta jirgin ruwa tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, har da Dokta Nnamdi Azikiwe. A tafiyar nan ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, don a ganinsa Arewa ba ta kimtsa ba tukuna. Ya kuma gana da Lugga, ya zayyana masa abubuwan da ke damun Arewa. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bayan ya bar kujerar edita ya shiga majalisa, ya kuma riƙe manyan ayyukan gwamnati a Kaduna. Ya rasu a Zariya cikin Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa, amin.