John Fowler, Mai Garmar Tururi

An haifi John Fowler a Melksham ta ƙasar Ingila cikin 1826. Da fari cinikin hatsi aka sa shi, amma hankalinsa yana ga ƙira. Cikin 1849 ya je Ailan a ƙarshen babbar yunwa, ya ga filaye kwance, ruwa ya hana a nome su. Abin ya tsaya masa a rai, ya komo ya ƙera garmar da ke yanka wa ruwa hanya a ƙarƙashin ƙasa.

Sa'an nan ya juya ga huɗa. Injin tururi nauyi gare shi, in ya shiga gona sai ya kafe. Duk wanda ya ga mota cikin laka a hanyar Wonaka da damina ya san wannan. Saboda haka ya tsai da injin a gefen gona, yana jawo garma da igiyar ƙarfe. Da wannan dabara ya ci kyautar fam 500 a Chester cikin 1858, ya kafa maƙera a Leeds.

Cikin 1864 doki ya kā da shi wurin farauta, ya karye a hannu. Ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi ya shiga raunin, ya mutu yana da shekara 38.